Me Ya Raba Yankan Mai Shaguɓe da Yankan Ɗakin Labarai?

Tsohon Edita:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma yau nake so in baje ta a gabanku. Na shafe shekaru da dama ina tace rahotannin talabijin, tun zamanin da ake kwafe hoto daga kaset zuwa kaset, lokacin da kuskure ɗaya a tsakiyar rahoto yake tilasta wa mutum ya sake duk abin da ya biyo bayansa. Daga baya, bayan aiki ya koma kan kwamfuta, na zauna na wani lokaci tare da masu shirin shaguɓe, wato irin shirin nan da ake kwaikwayon labarai domin a yi wa masu mulki da su kansu 'yan jarida habaici. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ɗaki na biyun ban koyi sabuwar dabara ko guda ba.

A ɗakin labarai nakan ɗauki jawabin minti 40 in ciro sakan 15, a ɗakin shaguɓe ma haka. A ɗakin labarai nakan rufe wurin da na yanka da hoton masu sauraro ko na hannun mai magana, can ma haka. Shigo da muryar mutum kafin a ga fuskarsa, rubuta sunansa da muƙaminsa a ƙasan allo, ɗora ƙaramin hoto a gefen kafaɗar mai gabatarwa, tsayar da wakili a gaban wani gini yana magana da kyamara, duk kayan aiki ɗaya ne. To, idan almakashin ɗaya ne, me ya sa muke kiran wannan aikin jarida, wancan kuma wasa?

A ganina, mai shaguɓe yana nuna ɗinkinsa a fili, domin dariyar tana fitowa ne daga ganin da mai kallo ya yi cewa da gangan aka haɗa wannan da wancan. Shi kuwa editan labarai an horar da shi ya ɓoye ɗinki har ya zama kamar ba a taɓa yanka komai ba. Don haka nake ganin haɗarin yaudara ya fi yawa a ɗakin da na fito. Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma su nake so in ji.

Malamar Aikin Jarida:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga wanda ya fi wani haɗari, yana da kyau mu tuna dalilin da ya sa yanka yake da irin wannan ƙarfi tun asali. Fiye da shekaru 100 da suka wuce, a farkon zamanin Tarayyar Sobiyet, wani mai shirya fim da ake kira Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, fuskar da ba ta nuna fara'a ko ɓacin rai, ya haɗa ta da kwanon abinci, ya sake haɗa ta da gawa a cikin akwati, sannan da yarinya tana wasa. An ruwaito cewa masu kallo sun hango yunwa a ta farko, jimami a ta biyu, ƙauna a ta uku, alhali fuskar nan ba ta sauya ba. Mai kallo ne da kansa yake ƙulla ma'anar a daidai mahaɗar hotunan biyu. Duk editan da ya ɗora fuskar minista a bayan tambaya mai zafi da wannan yake aiki, ko ya taɓa jin sunan Kuleshov ko bai taɓa ji ba.

Kamannin da ka gani kuwa, Malam, da gangan aka gina shi. A 1962 BBC ta fara wani shirin shaguɓe na mako-mako wanda David Frost ya gabatar yana zaune kamar mai karanta labarai. A 1975 shirin Saturday Night Live na Amurka ya ware wani sashe na labaran wasa. A 1994 shirin The Day Today na Birtaniya ya mayar da hankali kan su kansu kayan adon labarai, wato zane-zanen da ke shawagi a allo da kiɗan da ke sa zuciya bugawa, ya zuzuta su har mai kallo ya gane cewa yawancinsu ba sa ɗauke da wani bayani. Sannan The Daily Show ya fara a 1996, Jon Stewart ya karɓe shi a 1999. Wanda zai yi wa abu ba'a tilas ne ya iya kwaikwayonsa daidai wa daida, shi ya sa editocin irin waɗannan shirye-shirye suke sanin nahawun labarai kamar yunwar cikinsu.

Ɗalibin Tace Bidiyo:

Malamaina, ina neman ƙarin haske. Idan kowane yanka yana ƙirƙirar ma'anar da babu ita a hoton asali, ashe ke nan babu rahoton da yake da gaskiya tsantsa? Sannan na sha jin ana maganar hoton gyaɗa kai, amma ban fahimci dalilin da ya sa wasu suke ɗaukarsa a matsayin ha'inci ba.

Mai Ɗaukar Hoto:

Ƙanena, bari in fara da tambayarka ta biyu, domin wannan a hannunmu yake faruwa. Sau da yawa kyamara ɗaya muke zuwa da ita wurin hira, kuma tana kallon wanda ake tambaya ne tun daga farko har ƙarshe. Idan an gama, wani lokaci ma bayan baƙon ya tafi, sai in juya kyamarar ta fuskanci wakilinmu, ya maimaita tambayoyinsa, sannan ya yi shiru yana gyaɗa kai kamar yana sauraro. A ɗakin tacewa, idan edita ya cire jimla uku daga tsakiyar amsa, kan baƙon zai yi tsalle a allo daga wani matsayi zuwa wani, wanda muke kira yankan tsalle. Domin a ɓoye wannan tsallen sai a ɗora gyaɗa kan wakili na sakan biyu a kai, murya tana tafiya a ƙarƙashi. Mai kallo zai ɗauka magana ɗaya ce ta gudana ba tare da katsewa ba, kuma zai ɗauka wakilin ya yarda da ita a wannan lokacin, alhali bango yake gyaɗa wa kai.

A 2007 sashen labarai na tashar Five ta Birtaniya ya sanar da cewa ya daina amfani da irin wannan hoto, saboda a shekarar amincewar jama'a da talabijin ta yi rauni a can. Wasu gidajen kuma sukan sanya ɗan farin walƙiya a wurin yanka, ko su narkar da hoto cikin hoto, domin mai kallo ya san an cire wani abu. Ni na fi son wannan hanya, ko da yake ba ta da kyawun gani.

Tambayarka ta farko kuwa, taƙaitawa daban, sauya magana daban. Babu wanda zai watsa taron awa uku a cikin labaran minti 30. Abin dubawa shi ne ko mai maganar, idan ya kalli abin da aka watsa, zai yarda cewa abin da yake nufi ke nan.

Marubucin Shaguɓe:

Na gode wa Malam Edita da ya buɗe wannan batu, kuma ina goyon bayansa. Akwai abu ɗaya da nake so in ƙara, wato lissafin lokaci. A tsarin da ake amfani da shi a yawancin Turai da Afirka, sakan ɗaya na bidiyo yana ɗauke da firam 25, wato hotuna tsayayyu 25 a jere, a Amurka kuma kusan 30. Mu a wurinmu firam 6 na iya raya barkwanci ko ya kashe shi. Idan ɗan siyasa ya faɗi wata magana marar kan gado, muka yanke nan take zuwa fuskar mai gabatarwa, dariya ba ta zuwa. Sai an bar maganar ta ɗan rataye a iska, an bar mai kallo ya hadiye ta, sannan a nuna mai gabatarwa ya yi tsit yana kallon kyamara. Editan labarai ma yana yin wannan lissafi idan ya bar kyamara a kan fuskar uwar da ta rasa ɗanta na sakan uku bayan ta gama magana. Shi hawaye yake nema, ni dariya, amma ma'aunin ɗaya ne.

Inda nake alfahari da sana'armu shi ne, da yake mun san dabarun, mu ne kan gaba wajen kama masu amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba. A watan Nuwamban 2009 shirin Sean Hannity na tashar Fox News ya ba da rahoton wani gangamin adawa da dokar kiwon lafiya a Washington, sai aka cusa hotunan wani gangami da ya fi shi girma wanda aka yi a watan Satumba. Ma'aikatan Jon Stewart ne suka lura cewa a wasu hotunan ganyen itatuwa ya riga ya sauya launi, a wasu kuma yana nan kore shar, sararin sama ma ya bambanta. Suka jera su gefe da gefe, washegari Hannity ya amsa kuskuren ya nemi afuwa. Idon edita ne ya gano wannan, kuma a shirin barkwanci aka fallasa shi.

'Yar Ɗakin Labarai:

Da girmamawa ga Baba Edita da ɗan'uwana Marubuci, ban yarda cewa mai shaguɓe kullum yana nuna ɗinkinsa ba. Yana nuna shi a lokacin da yake zaune a tebur yana jera gutsattsarin bidiyo, wannan gaskiya ne. Amma ku dubi ɓangaren da wakilin wasa yake fita ya yi hira da mutum na gaske. Hirar takan ɗauki awa guda ko fiye, a watsa minti uku. A nan duk dabarun ɓoye ɗinki da ɗan'uwa Mai Ɗaukar Hoto ya bayyana suna aiki, har da wadda ta fi su muni, wato ɗauko shirun da mutum ya yi a wani wuri a dasa shi a bayan wata tambaya daban, domin ya fito kamar wanda aka ɗaure wa baki. Mai kallo yana dariya yana cewa an kama shi, bai san cewa mutumin ya ba da amsa nan take ba.

Domin kada a ce na ɗora wa masu barkwanci kaɗai, irin wannan ya faru a aikin da ake ɗauka na gaske. A 2016 an fitar da wani shirin bincike a kan bindigogi a Amurka wanda 'yar jarida Katie Couric ta gabatar, inda aka nuna wasu masu kare haƙƙin mallakar bindiga sun yi shiru na kimanin sakan 8 bayan wata tambaya. Da muryar da aka naɗa a wurin ta fito, sai aka ji sun amsa ba tare da jinkiri ba, kuma daga baya ita kanta ta amince cewa wannan yanka ya ɓata gaskiyar abin da ya faru. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa idan ɗan jarida ya yi wannan sai a yi masa ca, idan kuma mai shaguɓe ya yi sai ya ce ai wasa ne?

Kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tun a 2004 binciken cibiyar Pew ya nuna cewa kashi 21 cikin 100 na matasan Amurka 'yan ƙasa da shekara 30 suna samun labarin yaƙin neman zaɓe a kai a kai daga shirye-shiryen barkwanci. Yanzu kuwa guntun bidiyo yana fita daga cikin shirin ya shiga wayoyin mutane shi kaɗai, babu tebur, babu dariyar 'yan kallo, babu alamar tashar. Ɗinkin da kuke cewa a fili yake, a cikin shirin ne yake a fili.

Tsohon Edita:

'Yata, kin kama ni a inda ya kamata, kuma na janye rabin maganata. Gaskiya ne cewa abin da na faɗa ya fi dacewa da ɓangaren tebur. Amma ina so in ba da labarin abin da ya sa nake tsoron ɗakin labarai fiye da kowane ɗaki. Wata rana aka kawo mini hirar wani jami'i wanda ya ce za a rufe wata gada idan binciken injiniyoyi ya tabbatar da cewa ginshiƙinta ya tsage. Saura minti kaɗan a shiga iska, kuma an ce in rage sakan 10 daga rahoton. Na yanke maganar a daidai inda ya ja numfashi, bayan ya ce za a rufe gadar, na rufe wurin da hoton motoci suna wucewa. Yankan ya fita sumul, babu wanda zai gane. Washegari mutane suka sauya hanya, jami'in ya kira yana cewa an sa masa magana a baki, kuma gaskiyarsa ne. Ban yi niyyar cutar da kowa ba, agogo nake gudu, amma kalmar sharaɗi guda da na zubar ta mayar da yiwuwa ta zama hukunci. Da a shirin wasa aka ga wannan, mutane za su tsaya su tambaya. Da yake a labarai ne, gani ya kori ji.

Malamar Aikin Jarida:

Abin da Malam ya ba da labari yana da tushe a tsarin aikin baki ɗaya. Wani mai bincike, Daniel Hallin, ya auna tsawon maganar da ake barin ɗan takara ya yi ba tare da katsewa ba a labaran dare na manyan tashoshin Amurka, ya gano cewa ta faɗo daga kimanin sakan 43 a 1968 zuwa kimanin sakan 9 a 1988. A cikin sakan 9 ba a iya gina hujja, sai dai a jefa jimla mai kama kunne. Da zarar labarai sun koma farautar irin wannan jimla, sun riga sun shiga gonar mai barkwanci, domin shi ma jimlar da ke tashi ita kaɗai yake nema.

Manyan kurakuran da aka sani kuwa kusan duka iri biyu ne, ko dai cire abin da ke tsakiya, ko sauya jerin abin da ya faru. A 2012 tashar NBC ta watsa kiran da George Zimmerman ya yi wa 'yan sanda a daren da ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Trayvon Martin, amma aka cire tambayar da jami'in ya yi masa game da launin fatar yaron, sai ya fito kamar shi ne ya kawo maganar launi da kansa. Tashar ta nemi afuwa, kuma an sallami wanda ya shirya rahoton. A 2007 aka nuna wa 'yan jarida tallar wani shiri na BBC inda Sarauniya Elizabeth ta fito kamar ta fice a fusace daga wurin ɗaukar hoto, alhali hoton na lokacin da take shiga ne. Jerin kawai aka juya, kuma shugaban tashar BBC One, Peter Fincham, ya ajiye aiki a kan haka. Na uku shi ne shirin Panorama na BBC na 2024, wanda ya haɗa sassa biyu na jawabin Donald Trump na ranar 6 ga Janairun 2021, sassan da ke da tazarar fiye da minti 50, suka fito kamar jimla ɗaya. A Nuwamban 2025 babban daraktan BBC Tim Davie da shugabar sashen labarai Deborah Turness suka yi murabus.

Ku lura cewa a duka ukun babu kalma ko hoto ɗaya da aka ƙirƙira. Kowane sauti na gaske ne, kowane firam na gaske ne.

Marubucin Shaguɓe:

Na karɓi maganar 'yar'uwata a kan dasa shiru, kuma ni kaina ba na yarda a yi shi ga mutumin da ba ɗan wasa ba. Amma akwai wata dabara da nake ganin mu ne muka raine ta har labarai suka ara, wato jerin gwano: a tono ma'ajiyar bidiyo, a ɗauko abin da mutum ya faɗa bara a ajiye kusa da abin da ya faɗa jiya, ko a jera masu gabatarwa ashirin suna maimaita kalma ɗaya. Wannan aiki ne na haƙuri, domin sai an naɗi tashoshi dare da rana, an rubuta abin da aka faɗa, an iya nemo shi cikin gaggawa. Bassem Youssef, likitan tiyatar zuciya da ya fara shirinsa a YouTube a 2011 a Masar, da wannan ya yi fice. Yakan bar masu sharhin talabijin da shugaba Mohamed Morsi su saɓa wa kansu da bakinsu, shi kuma ya ɗaga gira kawai. Shirin ya tsaya a 2014.

A ƙarshen Maris na 2018 kuma shafin Deadspin ya haɗa bidiyon masu karanta labarai da dama na tashoshin kamfanin Sinclair a Amurka suna karanta rubutu ɗaya kalma da kalma, aka raba allon gida-gida har muryoyinsu suka haɗu kamar masu amshi. Babu wani dogon sharhi da zai iya bayyana haɗarin tattara tashoshi a hannu ɗaya kamar yadda wannan bidiyon ya yi, kuma manyan gidajen labarai da kansu suka ɗauke shi suka watsa. A yau kusan kowane shirin siyasa yana jera abin da mutum ya faɗa a baya kusa da abin da ya faɗa yanzu.

'Yar Ɗakin Labarai:

Jerin gwano yana da ƙarfi, amma shi ma yana da tarkonsa, ɗan'uwa. Wanda ya zaɓi gutsure goma daga cikin dubu shi ne ya rubuta hukuncin tun kafin mai kallo ya zauna. Mutum zai iya sauya ra'ayi cikin shekara biyar saboda sabuwar hujja ta bayyana, amma idan aka manna maganganunsa biyu ba tare da kwanan wata ba, sai ya fito a matsayin mai baki biyu. Shi ya sa a wurinmu ba a watsa tsohon hoto sai an rubuta a allo cewa daga ma'ajiya yake, tare da ranarsa. Ku kuna yin haka?

Ɗalibin Tace Bidiyo:

Ina so in sako batun sauya gudun bidiyo, domin a manhajojin da muke koyo da su, irin su Premiere da DaVinci Resolve da CapCut, abu ne na danna maɓalli ɗaya. Na karanta cewa a watan Mayun 2019 an rage gudun wani bidiyon Nancy Pelosi, wadda take shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, zuwa kusan kashi 75 cikin 100, sai maganarta ta fito kamar ta wanda ya bugu, kuma miliyoyin mutane suka kalla. Masu barkwanci suna rage gudu, masu labaran wasanni da na hatsari ma suna yi. A ina iyakar take?

Mai Ɗaukar Hoto:

Iyakar tana ga ko ido zai gane an taɓa gudun. Idan aka rage shi sosai, har murya ta yi kauri ko aka cire ta, kowa ya san an yi ne domin a duba wani abu da kyau ko domin a yi dariya. Wanda aka yi wa Pelosi an rage shi ne kaɗan, daidai yadda zai wuce a matsayin na asali, kuma wannan ƙanƙantar ita ce muguntarsa.

Tun da ka taɓo sauti, ina ganin shi ne ɓangaren da muka fi yin sakaci da shi a wannan tattaunawa, alhali kunne ya fi ido saurin yarda. A Janairun 2004 mai neman takarar shugabancin Amurka Howard Dean ya yi wani ihu a gaban magoya bayansa a jihar Iowa. Makirufon da ke hannunsa irin wanda ke ɗaukar muryar mai magana ne ya danne hayaniyar ɗaki, don haka abin da ya fita a talabijin shi ne mutum ɗaya yana kururuwa, alhali waɗanda ke cikin zauren da ƙyar suke jinsa saboda sowar jama'a. Tashoshin labarai suka yi ta maimaita guntun, masu barkwanci suka ɗora nasu a kai, har ba a iya cewa ga inda rahoto ya tsaya ga inda ba'a ta fara. Haka kiɗa yake. Ka sa kiɗa mai nauyi a ƙarƙashin hoton mutum yana fitowa daga mota, ka mayar da hoton fari da baƙi, ka zuƙo fuskarsa a hankali, ka riga ka yanke masa hukunci ba tare da ka furta kalma ba. Mai shaguɓe yana da dariyar 'yan kallo da ke gaya maka inda za ka yi dariya. Mai labarai yana da kiɗan da ke gaya maka inda za ka ji tsoro.

Marubucin Shaguɓe:

Amsar tambayarki, 'yar'uwa, ita ce wani lokaci muna sa kwanan wata, wani lokaci ba ma sawa, kuma na yarda cewa ya kamata mu riƙa sawa a kullum. Rubutu ƙarami a kusurwar allo ba ya rage wa barkwanci komai, sau da yawa ma ƙara masa ƙarfi yake yi, domin idan mai kallo ya ga kwana uku ne kacal tsakanin maganganun biyu, dariyar ta fi zurfi. Wanda ba zan iya ɗauka ba shi ne farin walƙiya a kowane yanka, saboda yana karya numfashin jimla, kuma barkwanci a kan numfashi yake tafiya. Abin da nake yi a maimakonsa shi ne in bar yankan tsalle tsirara, kan mutum ya yi tsallensa kowa ya gani. Masu kallon bidiyon intanet sun riga sun saba da shi, ba ya damun kowa.

Tsohon Edita:

Yankan tsalle tsirara ya wadatar da ni, ɗana, domin yana yin aikin da walƙiyar take yi. Abin da nake roƙon Ɗalibi da tsararsa su yi hattara da shi shi ne wata dabara da aka ƙara a manhajar Premiere a 2015, wadda take narkar da firam ɗin da ke kafin yanka da na bayansa, ta ƙirƙiro na tsakiya, har kan mai magana ya zame daga wannan matsayi zuwa wancan ba tare da tsalle ba. A zamanin gyaɗa kai, mai kallo mai lura yakan iya zargin cewa an yanka a duk lokacin da kyamara ta bar fuskar baƙo. Da wannan kuwa fuskar ba ta barin allo, jimla uku sun tafi, kuma ba a bar ko tabo ba. Idan za a cire tari ko tuntuɓen harshe da ita, ban ga laifi ba. Idan akwai kalma mai ma'ana a cikin abin da aka cire, musamman irin su “idan” da “amma” da “sai dai”, to a bar kan ya yi tsalle.

Ɗalibi, ga aikin da zan ba ka kafin mako mai zuwa. Ka ɗauki hira ɗaya ta minti 10, ka tace ta sau biyu, ɗaya a matsayin rahoton sakan 60, ɗaya a matsayin shaguɓe na sakan 60, ka rubuta mintin da sakan ɗin da ka ɗauko kowane gutsure, sannan ka kawo mana su tare da hirar asali. Ina roƙon Malama da 'yata ta ɗakin labarai su duba na shaguɓen, Marubuci kuma ya duba rahoton.